Bargon Baba Dogo

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Asabar ɗin nan ba, amma domin gaskiya dole in fara da bayyana cewa ba duk abin da zan faɗa ne na gani da idona ba. Kaina yana cikin bargo a lokacin da muhimmin abin ya faru. Saboda haka madogarata uku ce. Akwai abin da ni kaina na tuna. Akwai abin da Anti Rifkatu, ƙanwar mahaifiyata, ta gaya mini daga baya (sau ɗaya cikin fushi, sau ɗaya cikin dariya, kuma labaran biyu ba su dace da juna a ko'ina ba). Sai kuma hotunan da suka rage a cikin kyamarar. Ƙarshen daminar da ta wuce ne, a makon zumuntar mata na cocinmu da ke Narayi. Ba zan ambaci ƙarfe nawa ne ba, domin ba a saita agogon kyamarar ba, ya liƙa wa kowane hoto wata shekara da ta daɗe da wucewa. Duk inda ban tabbata ba, zan ce ban tabbata ba.

A lokacin ban daɗe da gama hidimar ƙasa ba, na zo Kaduna na sauka a gidan Anti ina neman aiki. Kimiyya na karanta, shi ya sa take kira na Farfesa, musamman idan na yi wani shirme. Ita ce shugabar wasan kwaikwayo na zumuntar, kuma da ta ji na taɓa riƙe kyamarar aro a jami'a, sai ta ɗora mini aiki.

Aikin kuwa shi ne wannan. Akwai wata dattijuwa, Mama Saratu, wadda ta fi kowa daɗewa a cikin wasan. Mijinta, wanda kowa ke kira Baba Dogo, ya rasu kafin bikin Ista, tun ban zo garin ba. Tun daga nan jikinta ya yi sanyi, ta rame, ta kuma faɗa a gaban mata cewa wasan bana shi ne nata na ƙarshe. 'Yarta Ladi, wadda ke aure a Kamazou, tana da juna biyu, likita ya ce ta kwanta, ba za ta iya zuwa ba. Abu ɗaya ta roƙa: hoto guda mai kyau na fuskar mahaifiyarta a kan dandamali. Duk hotunan da aka ɗauka da waya a shekarun baya baƙi ne ƙirin, sai idanu kawai ke ƙyalli kamar na kyanwa a rumbu.

Dalilin duhun al'ada ce. Da rana ake wasan, amma sai an toshe tagogi da tabarmi da barguna, a kashe wutar lantarki, a kunna fitilun ƙwai. An ce haka iyayen zumuntar suka fara shi tun wuta ba ta iso unguwar ba, kuma ba wanda ya isa ya canza.

"Farfesa, sharaɗi uku," in ji Anti, tana nuna ni da ludayi. "Kada mu ga walƙiyar nan taku. Kada mu ji ƙyas-ƙyas. Kada kuma mu gan ka kana mana zarya a gaba kamar mai neman akuya."

Na ɗauki sharuɗɗan nan kamar tambayoyin jarrabawa. Na yi karatu har idona ya yi ja, kuma abin da na fahimta, a taƙaice, shi ne wannan. Kyamara a cikin duhu kamar mai tarar ruwa ce a ranar yayyafi: ko dai ta sami kwano mai faɗin baki, ko ta daɗe tana tara. Idan ta daɗe, duk wanda ya motsa sai ya fito dishi-dishi kamar hayaƙi. Faɗin bakin kuwa ba na kyamarar ba ne, na gilashin da ake ɗaura mata a gaba ne. Dogon gilashi mai zuƙo abu daga nesa, irin wanda aka fi samu haya, bakinsa ƙarami ne. Gajere wanda ba ya zuƙowa yana buɗewa sosai ya sha haske, amma sai mai ɗauka ya taka da ƙafarsa ya je kusa. Akwai hanya ta uku, wato a matsa wa kyamarar ta ƙara jin haske, amma idan aka wuce iyaka sai hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero.

Da wannan ilimi na tafi Makera, shagon Oga Chidi, mai ba masu hoton biki hayar kaya. Haifaffen Kakuri ne, Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya ɗauko wani gilashi mai tsawon taɓarya ya ajiye a gabana.

"Ɗauki wannan. Ka zauna can baya kamar babban mutum, ka riƙa harbowa. Mata su gan ka da shi, su san an kawo ma'aikaci."

"Bakinsa ƙarami ne, Oga. Hasken fitilar ƙwai ba zai ishe shi ba."

"Fitilar ƙwai? A coci? Janareto ya mutu ne?"

"Al'ada ce."

"To sa filasha mana, al'ada ta ga haske!"

Na yi masa bayanin kwano da yayyafi. Ya saurara da haƙurin wanda aka tsare a go-silo. Daga ƙarshe na zaɓi kyamarar da ke iya ɗauka ba tare da ƙara ko kaɗan ba, da wani ɗan gilashi mai lamba talatin da biyar, wanda ya fi duk na shagon faɗin baki. Oga Chidi ya juya shi a tafin hannu kamar ƙwai.

"Wannan ɗan guntun? Abeg! Sai ka shiga cikin wasan kafin ka samu fuskar mutum."

(Na rubuta maganar yadda ya faɗe ta. Ba annabci yake yi ba, so yake in ɗauki babban.) Har yau kuma ina nan a kan bakana: a lissafin haske, zaɓina daidai ne.

Ranar Alhamis na je kallon gwaji domin in auna haske. Labarin wasan na wata mai dukiya ne, wadda ta tara komai ta hana kowa, sai Mutuwa ta zo ɗaukarta. Mama Saratu ce mai dukiyar. Ban bi labarin sosai ba, domin idona yana kan lambobin da ke bayan kyamara, kuma lambobin ba su yi mini daɗi ba. Matan nan ba sa tsayawa. Suna rawa, suna kai gwauro suna kai mari, fitilun kuma suna ƙasa suna haska musu ƙafafu. Sai can dab da ƙarshe wani abu ya faru. Gaba ɗayansu suka yi tsit, suka juya suka fuskanci kusurwar hagu ta dandamalin, kusa da ƙofar ɗakin ajiya. Mama Saratu ta ɗaga fitila daidai fuskarta. Suka daɗe a haka, ba mai motsi. Sannan suka ci gaba.

Na ɗauka sun manta magana ne, ko suna jiran a ta da waƙa. Abin da na gani kawai shi ne duk abin da mai hoto yake roƙo: fuskoki sun juyo wuri ɗaya, haske yana kan wadda nake so, kowa ya tsaya cak. A kusurwar da suke kallo kuwa babu kowa. Ga ƙofa a bayan kusurwar, ana iya shigowa ta waje ba tare da an ratsa jama'a ba. Na ce a raina: an ajiye mini wuri.

(Anti ta rantse cewa ta yi mini bayanin kusurwar nan a daren, muna cin tuwo. Na tuna tana magana. Na kuma tuna ina duba waya, ina karanta yadda ake riƙe numfashi kafin a danna. Ba zan ƙaryata ta ba.)

Ranar wasa na sa baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, saboda sharaɗi na uku. Farkon wasan na ɗauka daga gefe, kuma kamar yadda na zata, gilashin ya sha haske amma mutanen sun yi nisa, fuskar Mama ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Da na ga an kusa wurin shirun nan, na zagaya ta waje na shiga ɗakin ajiyar. A nan wata damuwa ta taso mini. Ni mutum ne da ba na iya ɗaukar hoto ban duba shi nan take ba, allon bayan kyamarar kuwa yana haske, kuma a duhun nan sai ya tona ni. Ina lalube sai hannuna ya taɓa wani baƙin bargo rataye a ƙusa, a bakin ƙofar ta wajen dandamali. Na ɗauka ragowar na toshe tagogi ne. Na jawo shi ciki na yafa a kaina, na bar 'yar kafa wadda gilashin zai leƙa. Yana da nauyi, yana warin man zafi da hayaƙin itace, kuma ya yi mini tsawo har yana jan ƙasa. Ni gajere ne. A kan wannan madogarata uku ba su saɓa ba.

Yanzu bari in gaya wa mai karatu abin da kowa a ɗakin taron ya sani, ban da ni.

Baba Dogo shi ne namiji ɗaya tilo da matan suka taɓa bari ya shiga wasansu, kuma shi ne yake fitowa a Mutuwa, tun yaran da ke aure yanzu suna goye. Ta ƙofar nan yake shigowa, a kusurwar nan yake tsayawa, lulluɓe da bargon nan, riƙe da 'yar tocila da aka ɗaure wa jar leda. Ba ya cewa uffan. Mai dukiya za ta roƙe shi ya ƙara mata lokaci, shi kuma ya girgiza kai, ya tasa ta gaba. Da ya rasu, matan suka yanke cewa bana ba wanda zai maye gurbinsa. Za a rataye bargonsa a ƙusa, idan lokacin shigowarsa ya yi su juya su fuskanci wurin, su yi shiru domin tunawa da shi.

Ina jin shirun ya sauka, na tura ƙofar a hankali na fito.

Ta cikin kyamara na ga abin da ban taɓa gani ba. Fuskar Mama Saratu ta cika idona, hasken fitila yana kwance a kan kowane layi na goshinta. Na manna kyamarar da fuskata, na matse gwiwoyin hannu a haƙarƙari, na riƙe numfashi, duk kamar yadda na karanta. Na taɓa madannin kaɗan domin ta saita gani. Akwai abu ɗaya da karatuna bai kai kansa ba: idan duhu ya hana irin wannan kyamara gane abin da za ta saita, takan kunna wata 'yar fitila ja da kanta. Na kashe ƙara, na kashe filasha, ban kashe wannan ba.

Wani jan ido ya buɗe a tsakiyar bargon.

Da farko ba wanda ya yi ihu. Shirun ne ya canza. Na ji shi a fatata, kamar lokacin da tsuntsaye ke yin tsit kafin hadari. Sai wata murya daga baya ta ce, a hankali, "Yesu." Sai benci ya faɗi. Sai ɗakin ya rikice, masu addu'a na yi, masu neman ƙofa na tattake juna, wata tana ta maimaita, "Ya dawo! Ya dawo!" Matan da ke kan dandamali suka watse. Ni kuwa tsoro ya kama ni, domin na ɗauka wani abu ne a bayana. Jikina ya sandare, yatsana ya danne madannin ya ƙi sakewa.

Mama Saratu ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta tako, fitila a hannu, har na ji zafin gilashin fitilar ta cikin bargo. Fuskarta ba ta nuna tsoro ba. Irin kallon da mace ke yi wa miji idan ya dawo daga kasuwa ya manta abin da aka aike shi, shi take yi.

"Dogo," ta ce, "yau ma ka makara."

Ta gyara riƙon fitilar, ta ci gaba.

"To ji nan. Ba maganar wasa zan yi maka ba. Ka ba ni zuwa Kirsimeti. Ladi za ta sauka, in yi mata wankan jego, in ga abin da ta samu. Bayan nan ka zo, ba zan yi gardama ba."

Ta tsaya tana jira. Ban san tsawon lokacin ba. Sannan fuskarta ta saki, ta yi murmushi, ta ce, "Na gode."

A daidai nan Anti Rifkatu, wadda ba ta tsoron kowa a raye balle a mace, ta iso da wata muciya ta cikin kayan wasan a hannu. "Da sunan Yesu!" ta ce, ta sauke mini ita a kafaɗa, ta fizge bargon. Wani ya kunna wutar lantarki. Ga ni tsaye, tabarau a karkace, gumi yana zuba, kyamara manne da fuska, a gaban dukan iyayen zumunta da dattawan coci, ɗaya daga cikinsu rabin jikinsa yana waje ta taga, tabarma ta naɗe shi. Kuma daga duk kalmomin da ke cikin harshen Hausa, abin da bakina ya zaɓa shi ne:

"Anti, kin tare mini haske."

"Ɗan wa ne wannan?" wata ta tambaya.

"Na Rifkatu ne. Mai digirin nan."

"Ashe da karatu ake zama haka? Gara nawa da ke gyaran babur."

Ba a ƙarasa wasan ba. Washegari na tsaya a gaban zumunta na ba da haƙuri, Anti tana gefe tana gyara mini inda ban ƙasƙantar da kaina yadda ya kamata ba. Har yau yaran unguwa idan sun hango ni sai su rufe kai da riga su bi ni a baya.

Da kunya ce kawai, da na haƙura da ita. Amma a hanyar gida Anti ta ce da ni, "Duk wautarka na yafe, ban da ɗaya. Me ya sa ka gyaɗa mata kai?"

"Ban gyaɗa ba."

"Farfesa, kowa ya gani. Bargon ya sunkuya a hankali, ya sake miƙewa. Shekara da shekaru Baba Dogo yana girgiza kai a wurin nan. Kai daga zuwa sai ka yarda?"

Na wanke hoton, na kai wa Mama Saratu har gida, domin na ga wajibi ne in gyara kuskuren. Na same ta a tsakar gida tana jera itace, ga babbar tukunyar wanka an wanke an kife. Ta fi ƙarfi a kan yadda na san ta. Ta karɓi hoton ta daɗe tana dubawa.

"Ladi za ta ji daɗi. Ashe haka na tsufa."

"Mama, na zo ne in bayyana wani abu. Ni ne a cikin bargon nan tun daga farko."

"Na sani, ɗana. Dogo bai taɓa zama guntu haka ba."

"To ki gane, ba ni da ikon ba ki lokaci, ba ni da ikon yanke miki shi. Maganar Kirsimetin nan ba ta da tushe. Kina iya wuce ta da shekaru."

Ta dube ni da tausayi, irin wanda ake yi wa yaron da ya kawo lissafi daidai a jarrabawar da ba tasa ba.

"Wa ya ce kai na tambaya?" Ta ɗora wani ice a kan sauran. "Abin da na roƙa shi aka ba ni. Ba a yi wa mai kyauta ciniki. Zauna ka sha kunu."

Na koma gida na buɗe hotunan a kwamfuta. Da yake yatsana ya danne madannin, kyamarar ta yi ta ɗauka a jere, shiru, tun daga "yau ma ka makara" har zuwa hoton ƙarshe, wanda muciya ce ta cika shi. Dukansu sun fito tar. A irin wannan ƙarancin haske, ko rawar hannu kaɗan takan ɓata hoto. A bangon baya akwai gicciye na katako, kuma a kowane hoto yana wuri ɗaya, bai hau ba, bai sauka ba. Kyamarar tana manne da fuskata. Da na sunkuyar da kai, da ta sunkuya tare da ni.

Na yi wa kaina gardama iya ƙarfina. Mai yiwuwa bargon, da yake ya fi ni tsawo, ya yi tozo a saman kaina, tozon ya rusuna da kansa. Na gwada da wani bargo a ɗaki, a gaban madubi, har Anti ta leƙo ta ce za ta kira fasto. Wani lokaci tozon yakan faɗi. Bai taɓa sake miƙewa ba. Na asalin kuma ba zan iya gwadawa da shi ba, domin Mama ta ɗauke shi ta kai ɗakinta. Akwai kuma abu na biyu, wanda na so in bari ban rubuta ba, amma barin sa rashin gaskiya ne. A cikin hotunan nan gaba ɗaya, babu ɗaya da take kallon gilashin kyamara. Idonta yana sama da shi, sama da kaina, daidai inda fuskar dogon mutum za ta kasance.

Darasin da na koya ba ya cikin abin da na karanta. Gajeren gilashi ya fi shan haske, wannan gaskiya ne, amma dogon yakan bar mutum a kujerar baya da mutuncinsa. Idan kuma ka shiga taron mutane ka ga wuri mai kyau wanda kowa ya bari fili, kada ka auna haskensa. Ka tambayi na wane ne.

Ruwa ya ɗauke yanzu, mawaƙan coci sun fara koyon waƙoƙin Kirsimeti. Kowace Lahadi Mama Saratu takan tare ni a bakin ƙofa da fara'a, ta riƙe hannuna ta ce, "Ladi ta kusa, ɗana." Ni kuma nakan ce Allah ya sauke ta lafiya, in koma gida in sake buɗe hotunan, in sa yatsa a kan gicciyen, in bi su ɗaya bayan ɗaya ko zan kama inda ya motsa. Ban kama ba tukuna.

Idan ni ban gyaɗa kai ba, wa ya gyaɗa?